Itacen Joshuwa da gawon gonar kakana

A watan Maris muka je gandun dajin Joshua Tree da ke kudancin Kalifoniya, inda hamadar Mojabe ta haɗu da ta Kolorado. Da na sauko daga mota sai na ce a raina, wannan ne ake ta zuzutawa? Itacen nan na Joshuwa ba shi da inuwar kirki, ganyensa kamar tsinin mashi, rassa a murɗe. Ƙananan furanni, ja da rawaya, sun ɓullo tsakanin duwatsu, mutane na durƙusawa suna ɗaukar hoto, ba mai tsinkar ko ɗaya. Doka ta hana, ko busasshen kara ba a ɗauka. Tun 1936 ake tsaron wurin, a 1994 aka mai da shi cikakken gandun ƙasa.

Ni kuwa hankalina ya koma kan gawon gonar kakana a wajen Gwadabawa. Itacen da ke zubar da ganye da damina gero ya samu rana, da rani ya yi kore shar, awaki na kwance a gindinsa suna cin 'ya'yansa. Bara da na je gida kututture na tarar. Aduwar bakin hanya da muke jifa muna yara ta zama gawayi. Bagaruwar da majema ke jeme fatar jar akuyar Sakkwato da ita, yanzu a ƙauyenmu sai an yi tafiya.

Mai neman itacen girki ba ta da laifi, kuɗin gas ya fi ƙarfinta. Kuma dokar "kar a taɓa" ta Amurka ba za ta zauna ba a inda itace shi ne miya, magani da abincin dabba. Abin da ke ci mini rai shi ne bikin dashen itatuwa: kowace damina a jera dogonyaro, a yi hoto, kafin hunturu awaki sun cinye. Alhali ga Maraɗi nan maƙwabtanmu, tun shekarun 1980 manoma ke sassabin zamani. In kututture ya yi toho, a bar masa reshe biyu ko uku masu ƙarfi, a sassabe sauran. Saiwar tana nan da ranta a ƙasa, ba ta neman ban ruwa.

Da na dawo na kira gida. Na ce, "Kawu, don Allah in an zo sharar gona bana, a bar mini tohon gawon nan." Ya yi shiru, sannan ya ce zai sa yara su kewaye shi da ƙaya saboda awaki.