Yaran da ake ba sitiyarin jirgi da ƙarfe 3 na dare

Nan Bergen a ƙasar Norway akwai wani tsohon jirgin ruwa mai filafilai, wato manyan yadudduka da iska ke turawa, da ake kira Statsraad Lehmkuhl, a Jamus aka ƙera shi tun 1914, tsawonsa mita 98, jigonsa uku, wato dogayen turakun da ake ɗaura filafilan a jikinsu, filafilai 22, kuma har yau yana fita teku da mutanen da ba su taɓa riƙe igiyar jirgi ba, da yawansu samari da 'yan mata. Ba shi kaɗai ba ne, akwai Christian Radich a Oslo, akwai Sørlandet a Kristiansand. Gasar manyan jirage masu filafilai ma da aka fara a 1956 daga Torbay ta Ingila zuwa Lisbon, dokarta ita ce aƙalla rabin mutanen kowane jirgi su kasance 'yan shekara 15 zuwa 25. Ni dai ra'ayina, abin da yaro ke samu a jirgin nan ba ya samunsa a gidan Bature, kuma gaskiya a gidajenmu mu mazauna nan ma ba ya samu.

Da an shiga ake raba su kashi uku, kowane kashi duti awa 4 hutu awa 8, dare da rana haka ake juyawa. Masu 12 zuwa 4 su suka fi shan wuya, don ƙarfe goma sha ɗaya da rabi na dare za a zo a taɓa ka a hankali a ce tashi, alhali kana rataye cikin gadon lilo na yadi, kafaɗarka na gogar ta maƙwabcinka, ga sanyi a waje ga jirgi na tangaɗi, wani ma tun jiya yake amai bai daina ba. A cikin awa huɗun nan ana karɓa-karɓa, ɗaya a goshin jirgi yana duba hanya, ɗaya a sitiyari idonsa kan kamfas, ɗaya na zagaya cikin jirgi ko akwai alamar gobara, ɗaya a baya ko wani ya faɗa ruwa. Saura kuwa jan igiya, kuma filafili babba mutum ɗaya ba ya ɗaga shi, sai an yi layi an ja tare da murya ɗaya. Da safe shara da goge-goge har banɗaki, ba ɗan gata. Waya kuwa da an yi nisa da gaɓa sabis ya ɗauke, magana ta ƙare.

To ga inda nake kwatantawa. Yaron Turai yana da ɗakinsa, da kwamfutarsa, ana tambayarsa me yake so, amma ba wanda ke buƙatarsa, ko ya tashi ko bai tashi ba gida zai tafi daidai. Mu kuma namu yaran aiki muna sa su kam, amma umarni ne kawai, yi kaza bar kaza, in ya ce don me a ce ya yi rashin kunya, kuma abu mai muhimmanci ba ma yarda mu damƙa masa wai yaro ne. A jirgi an haɗa biyun, ana yi masa bayanin me ya sa ake sassauta wannan igiya kafin a ja waccan, sannan a bar shi da sitiyari da gaske, mutum fiye da ɗari na barci a ƙasa. In ya makara minti 10 ba mai zaginsa, amma zai tarar da abokinsa tsaye cikin ruwan sama yana jiransa, wallahi wannan kallon ya fi bulala zafi.

Hawa saman jigo ma, wanda ya kai mita 48, ba dole ba ne, ana ɗaura maka bel mai ƙugiya, in ka ce ba ka iyawa ba mai yi maka dariya. Mu da muka saba ganin tsoro abin kunya ne wannan sai ya zo mana banbarakwai, amma sau da yawa wanda ya ƙi ranar farko da kansa yake zuwa daga baya ya ce zai gwada.

Kada dai a zuzuta abin fiye da kima. Mako ɗaya ko biyu ba ya sauya hali, yaro zai dawo ya koma kan wayarsa, kuma kuɗin tafiyar ba kaɗan ba ne, shi ya sa galibi 'ya'yan masu hali ka fi gani sai wanda ya dace da tallafi. Iyayenmu na nan kuma da sun ji an ce teku sai su ce a'a ba da ɗana ba, ko tambayar yadda ake neman tallafin ba sa yi.