Dole sai yaro ya zama gwani kafin ku bar shi ya sha iska?

Wai wani ne ya zo ƙarƙashin bidiyon wani yaro mai larurar galahanga (autism) da ake ta yi wa dariya a gidan gem ɗin Ƙofar Ƙaura yana cewa a daina yi mai dariya, ai masu galahanga duk ƙwaƙwalwa gare su kamar kwamfuta, ku duba Symmetra ta cikin gem ɗin Overwatch. Har da masu tafa mai. To madalla da likita!

Malam, da ba ya da ƙwaƙwalwar fa? Sai a ci gaba da dariyar kenan?

Wannan ita ce ɓarnar da gem ke yi mana. Symmetra injiniya ce, Jeff Kaplan na Blizzard, kamfanin da ya yi gem ɗin, ya tabbatar a 2017 cewa tana da larurar. Josh na Watch Dogs 2 gwanin kutse ne. David Archer na Mass Effect 2 kuwa yayansa ne ya ɗaure shi jikin na'ura da wayoyi saboda baiwar lissafin da Allah ya ba shi. Kullum sai an haɗa larurar da wata baiwa da za a mora, in babu baiwa babu kai a labarin.

Na san za ku ce ai gara haka da a nuna su a mahaukata. Ku riƙe gararku. Ɗan yayata shekararsa tara, bai iya lissafin komi ba, maganarsa ba ta wuce kalmomi kaɗan, in aka tada janareta sai ya toshe kunnuwa ya dinga kaɗa jiki gaba da baya har a kashe. An kai shi ruƙiyya, an yi hayaƙi, an ce aljanu ne. Wallahi uwar ba gwani take nema ba, so take ya shiga Islamiyya yara ba su jefe shi ba. Wane gem ne ya nuna wanga yaro?

To the Moon na 2011 ne kaɗai na buga na ji sanyi, River, mai larurar a gem ɗin, mace ce kawai mai naɗa zomaye na takarda don ta kasa faɗa wa mijinta abin da ke ranta. Ba ta ceci duniya ba, kuma sai da ta sa ni hawaye.

Ku kuma masu gidajen gem, tunda kun ƙara kuɗin wasa saboda fetur, don Allah ku gyara hannuwan gem ɗin nan, maɓallin R2 ya mutu tun azumin bara kuna cewa mu ne ba mu iya ba.