Ba tausayi ne ya buɗe wa yara masu naƙasa ƙofar aji ba

Duk lokacin da aka tashi ba da tarihin ilimin masu buƙata ta musamman, sai a jero sunayen masu zuciyar taimako, kamar dai kyauta aka miƙa wa makafi da kurame suka sa hannu biyu suka karɓa. Ban yarda da wannan karatun ba. Gaskiya ne wani limamin coci, Charles-Michel de l'Épée, ya buɗe wa kurame makaranta a Paris wajen 1760, Valentin Haüy kuma ya buɗe ta makafi a 1785. Ba za a raina ƙoƙarinsu ba. Amma akasarin ci gaban da ya ɗore daga hannun masu abin ya fito, ko daga iyayensu, sau da yawa ma sai da suka yi ja-in-ja da masanan da ke cewa domin su suke aiki.

A makarantar Haüy haruffan masu gani ake bugawa su taso a kan takarda. Littafi ya yi nauyi, karatu na tafiyar hawainiya, makaho kuma ba ya iya rubuta nasa cikin sauƙi. Ɗalibi ne, Louis Braille, ya fito da tsarin rubutu na ɗigo shida masu tasowa, da ake karantawa da yatsa, a 1824, yana ɗan shekara 15. 'Yan uwansa ɗalibai suka rungumi tsarin, hukuma ta yi ta jan ƙafa, har wani shugaban makarantar ya taɓa hana amfani da shi. Sai a 1854 aka amince da shi a hukumance, shekara biyu bayan rasuwar Braille.

Abin da ya sami kurame ya fi muni. A 1880 malaman kurame suka taru a Milan ta Italiya, kusan dukkansu masu ji, suka yanke cewa koyar da magana da karanta leɓe ya fi maganar hannu. Makarantu da dama suka haramta maganar hannu, kurame malamai suka rasa aiki, yara suka shafe shekaru suna fama da fitar da sautin da ba su taɓa ji ba, lissafi da tarihi na jiransu. Mahalarta taron ba mugaye ba ne, kuma wannan ne abin tsoron: da kyakkyawar niyya suka yi ɓarnar. Sai a 2010, a Vancouver ta Kanada, magajin wannan taro ya yi watsi da matsayar Milan.

A Amurka iyaye ne suka garzaya kotu. Shari'o'in PARC (wata ƙungiyar iyayen yara masu naƙasa) a jihar Pennsylvania da Mills a birnin Washington, a farkon shekarun 1970, suka tabbatar da cewa ba a korar yaro daga makarantar gwamnati saboda naƙasa. Lokacin fiye da yara miliyan ɗaya ne aka rufe wa ƙofa. Daga nan aka samu dokar ilimin yara masu naƙasa ta 1975, wadda aka sauya wa suna zuwa IDEA a 1990. Ko sashe na 504 na wata dokar 1973 mai hana nuna wa masu naƙasa wariya, ya yi shekara huɗu babu ƙa'idojin aiwatarwa, sai da Judy Heumann, mai fafutukar haƙƙin masu naƙasa, da abokan gwagwarmayarta suka yi zaman dirshan na kusan wata guda a wani ginin gwamnati a San Francisco a 1977 sannan aka sa hannu.

Yau kalmar da ke bakin kowa ita ce a haɗa yara duka a aji ɗaya. Gwamnatoci 92 suka amince da haka a Salamanca ta Sifaniya a 1994, yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu naƙasa kuma ta ƙarfafa shi a sashe na 24. Ina goyon baya, amma da sharaɗi. Kurman yaro da aka zaunar cikin masu ji, babu tafinta, babu abokin da zai yi hira da shi da hannu, sunansa ne kawai ke cikin rajista. Shi ya sa ƙungiyoyin kurame ke dagewa sai yaro ya samu wurin da maganar hannu ce harshen koyarwa, ko da hakan bai yi wa masu tsara manufa daɗi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka a wannan muhawara bakinsu nake fara saurare.

Wasu za su ce tafinta da littafin Braille da malamin da ya ƙware duk kuɗi ne, makarantu kuma a matse suke. Haka ne, kuma ƙasashe masu arziki ma ba su tsira ba. A 1975 majalisar dokokin Amurka ta sa wa gwamnatin tarayya burin ɗaukar har kashi 40 cikin ɗari na ƙarin kuɗin da ake ƙiyastawa don karatun waɗannan yara. Har yau ba ta taɓa kai wannan adadi ba, jihohi da gundumomin makarantu ne ke cike giɓin, iyaye kuma na ci gaba da shiga kotu a kan abin da doka ta riga ta ba 'ya'yansu.