Ga ƙannena masu tambayar ina Allah ya shiga

Daren Lahadin da ta wuce, a fadar samarinmu, ana cikin zuba shayi na biyu wani ƙanena ya dube ni ya ce: "Yaya, sau biyu ina faɗuwa jarrabawar BAC ta gama sakandare. Na yi azumi, na yi addu'a har muryata ta dushe. In Allah yana nan, me ya hana shi nuna kansa ko sau ɗaya?" Kowa ya yi tsit, wasu suka sunkuya kan waya. Na san ba shi kaɗai ke ɗauke da tambayar ba, shi ne dai ya iya furta ta.

Kada wani ya ce muku tambayar nan saɓo ce. Annabi Ishaya da bakinsa ya kira Ubangiji Allah mai ɓoye kansa (45:15). Ayuba ya duba gaba da baya, dama da hagu, bai gan shi ba. Yesu ma a kan gicciye da kukan Zabura ta 22 ya ɗaga murya. Ni kaina, shekarar da muka binne ɗiyarmu ta fari, wata uku na yi ina zuwa majami'a, bakina yana waƙa, zuciyata kuwa kamar gulbin Maraɗi a tsakiyar rani, rairayi zalla.

To me ya sa yake ɓuya? An gaya wa Musa ba mai ganin fuskar Allah ya rayu. Mu da ba ma iya ƙura wa ranar bazara ido, ina ga wanda ya yi ta. Amma akwai abin da ya fi wannan taɓa ni. Isra'ilawa sun ga teku ta rabe biyu, sun ci manna da hannunsu, ba a daɗe ba suka ƙera ɗan maraƙi na zinariya. Gani bai sa sun ƙaunace shi ba. In sarki ya fito da dogarai da algaita, kowa zai zube ya kwashi gaisuwa, har mai zaginsa a zuci. Allah ba irin wannan gaisuwar yake nema ba, 'ya'ya yake so. Da ya tashi bayyana kansa kuwa, a gidan masassaƙi a Nazarat ya zo, har mutanen garin suna cewa ai mun san uwarsa da ƙannensa. Yana tsaye gabansu, suna ta hangen nesa.

Ku tambayi iyayenku yadda karkarar nan ta Maraɗi take a farkon shekarun 1980. Daji ya ƙare, iska na kwashe ƙasar gona, itatuwan da ake dasawa yawancinsu mutuwa suke yi. A 1983 wani ma'aikacin mishan ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya tsaya a hanya don rage iskar tayoyin motarsa saboda rairayi, ransa a jagule, ya yi addu'a. Sai idonsa ya faɗa kan ɗan tsiron da kowa ke ɗauka ciyawar banza ce. Ashe kututturen itace ne mai rai, saiwarsa na can ƙasa, duk shekara yana toho ana sare shi. Daga nan aka soma sassaben zamani: a bar reshe biyu ko uku masu ƙarfi, a datse saura, a tsare su daga awaki da gatari. An ƙiyasta hekta miliyan 5 suka farfaɗo a Nijar ta wannan hanya. Kalgo da sabarar nan suna ƙarƙashin ƙafarmu duk shekarun da muke kukan babu daji.

Haka na fahimci bangaskiya. Ba rufe ido ba ce, ba kuma tilasta wa kanka jin daɗi ba. Ka riga ka ga toho a cikin Almasihu, sai ka tsare shi ka yi masa hidima tun bai zama inuwa ba: Littafi a buɗe, addu'a ko da gajeruwa ce, zumunta, ziyarar mara lafiya.

Abu biyu nake jiye muku. Na farko, masu tallar mu'ujiza a Facebook da WhatsApp, a turo kuɗi a karɓi mai ko ruwa a ga aiki cikin kwana bakwai. Ku yi nesa da su, kasuwancinsu a kan ƙishirwarku suka kafa shi. Na biyu ya fi ba ni tsoro: sulalewa shiru. Yau ka ƙi zuwa sujada, gobe ka bar ƙungiyar matasa, ba wanda ka gaya wa abin da ke cinka. Toma, almajirin Yesu, ya ce sai ya sa yatsa a gurbin ƙusa zai yarda Yesu ya tashi daga matattu, amma bai bar 'yan'uwa ba. Bayan kwana takwas yana cikin ɗakin tare da su lokacin da Ubangiji ya shigo ya kira shi ya miƙa masa hannuwansa.

Ƙanena, ba ni da amsar dalilin faɗuwarka sau biyu, kuma ba zan ƙago maka ita ba. Ranar Asabar da yamma ina nan tafe gidanku. Ka fito da littattafan lissafinka da tambayarka duka, mu shimfiɗa tabarma, mu fara da addu'a.