Mutum huɗu a benci, dala 115 a gilashina

Daren 26 ga Oktoba, 2024, Dodgers suka doke Yankees ta New York 4-2 a wasa na biyu na World Series, wato zagayen ƙarshe na gasar besbol ta Amurka, can Los Anjalas. Ni kuma ina Bronx, unguwar Yankees a New York, ina tuƙa tasi, Allah ya haɗa ni da wani Alhaji ɗan zangon Kumasi da ɗan ƙanwarsa, sun fito daga kallo kowa fuska a murtuke.

Ga abin da ya haɗa su. Zagaye na tara, wato na ƙarshe, tashoshi ukun da mai bugu ke ratsawa kafin ya ci maki duk a cike da 'yan Yankees, an riga an fitar da mutum biyu, saura ɗaya wasa ya ƙare. Dodgers suka kawo Alex Vesia, mai jifa bahago. Wanda ke kan layin bugu Austin Wells ne, shi ma bahago, kuma a besbol bahago na shan wuya a hannun bahago, domin ƙwallon mai lanƙwasa guduwa take yi daga gorarsa. Sai kocin Yankees Aaron Boone ya cire Wells ya sa Jose Trevino mai bugu da dama. Jifan farko Trevino ya ɗaga ta sama tsakiyar fili, aka cafe, aka tashi.

"Kawu, ai lissafin daidai ne," in ji yaron.

"Rufe min baki! Ina Domínguez? Ajiye shi aka yi sai Sallah?"

Alhaji ya dafa kafaɗata. "Direba, kai ka raba mu."

To, ni abin nan na san shi, kuma bakina ba ya riƙe magana. Na ce Alhaji, ƙungiya mutum 26 ake ba ta, kuma masu jifa sun cinye 13. Cikin sauran 13, tara suna layin bugu. Benci mutum huɗu ke nan: Trevino, Oswaldo Cabrera, Trent Grisham da Jasson Domínguez. Grisham bahago ne, a cire shi. Domínguez yana bugu ta hannu biyu, amma ƙarfinsa ta hagu yake, gaban Vesia kuwa ta dama zai tsaya. Sannan ga babbar matsalar: Wells shi ne mai cafe ƙwallo a bayan mai bugu, kuma wanda aka cire a besbol ba ya dawowa. Da Domínguez ya buga aka yi kunnen doki, dole dai Trevino ya shigo ya ɗaura sulken cafe. Mutum biyu sun ƙone a gurbi ɗaya, ga ƙarin lokaci a gaba. Abin da ya taimaki Boone shi ne dokar 2020, wadda ta hana a canza mai jifa sai ya fuskanci mutum uku ko zagayen ya ƙare, don haka Vesia ba shi da wurin gudu.

Yaron ya fara tafi. Na ce dakata, kai ma da naka. Tun da muka taso yake cewa a sauke Aaron Judge, tauraron Yankees, ƙasan layin bugu, saboda a wasa biyun sau tara ya tsaya, sau ɗaya ya samu, sau shida aka fitar da shi bai sa ƙwallo a fili ba. Gaskiya ne, yana ta bin jifan da ke faɗuwa ƙasa daga waje. Amma mutumin da ya tsallakar da ƙwallo katanga sau 58 a kakar, da matsakaicin bugu .322, wato kusan sau uku cikin goma yana samu, ba a yanke masa hukunci da tsayuwa tara. Ko shi ɗin, kusan sau bakwai cikin goma hannu rabbana yake komawa benci.

Nan na yi asarar su duka biyun. Mun iso ƙofar gida, babu wurin fakin, na tsaya a gefen wata mota. Alhaji ya ce ƙafarsa ba za ta taɓa ƙasa ba sai na janye maganata a kan Domínguez. Yaron ya buɗe waya yana karanto alƙaluma. Ni kuma na juya baya gaba ɗaya ina zana musu tashoshi a kan kujera da yatsa, har sai da na ji ana ƙwanƙwasa gilashi.

Tikitin tare hanya, dala 115. Kuɗin motar bai kai kwatansa ba.

Alhaji ya karɓi takardar, ya sa tabarau ya duba, ya miƙo min. "Sannu, direba, Allah ya mayar da alheri. Amma Cabrera fa? Shi ba ka ce komai a kansa ba."