Ƙannena masu ɗaga ƙarfe, allurar nan fa?

Ranar Asabar da ta wuce, bayan sallar asuba, na bi ta wani lungu a unguwarmu inda samari ke ɗaga ƙarfe. Wurin dai kun san irinsa: benci ɗaya na katako, sandar ƙarfe, da gwangwanayen fenti biyu da aka cika da siminti. Raina ya yi fari da na gan su, har na tsaya. Sai idona ya kai bayan katanga. Yaro ne wanda bai kai shekara ashirin ba, ya sassauta wando, abokinsa yana soka masa allura a ɗuwawu. Da ya zare, bai jefar da sirinjin ba, ya kira na gaba. Na ce, "Kai, wannan ta mece ce?" Ya ce, "Yaya, ta buɗe ƙirji ce, wata biyu za ka ga aiki." Tun ranar abin yake ci na.

Ni ba maƙiyin ƙarfe ba ne. Na ɗaga shi shekaru, kuma na san abin da yake yi wa zuciya. Yaron da aka raina a gida, wanda ya gama makaranta ba aiki, wanda kowa ke aike ba mai tambayar ra'ayinsa, ran da ya ɗaga nauyin da ya gagare shi makon jiya sai ya ji ashe akwai abin da yake hannunsa. Ƙarfe ba ya karɓar cin hanci, ba ya tambayar ɗan wane ne kai. Abin da ka zuba shi za ka kwasa. Wannan natsuwar ita ce ribar, damtsen kuwa gyara ne.

To allura ita ke sace wannan ribar. Ka samu ƙirjin, amma zuciyarka ta san na aro ne. Shi ya sa mai allura ba ya ƙoshi. Ya tsaya gaban madubi, kowa na ganin ƙato, shi kuma siririn yaron nan na da yake gani, sai ya ƙara wata. Likitocin ƙwaƙwalwa sun san wannan ciwon, mutum ya riƙa ganin jikinsa ƙarami komai girmansa. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Kun ma san abin da kuke ɗura wa kanku? Sinadarin namiji ne na roba. Da jiki ya ga an kawo masa daga waje, sai ya daina yin nasa. Maraina su motse, maniyyi ya ragu, wani har nono ya fito masa, baya ya cika da ƙuraje. Hanta ta wahala, jini ya hau, naman zuciya ya yi kauri. Ga fushin da ba dalili, ka ga yaro yana yi wa mahaifiyarsa tsawa a kan abinci. Ran da ya daina kuma, jikin ya saɓule, baƙin ciki ya rufe shi. Sirinji ɗaya ga mutum uku kuwa, ai hanyar ciwon hanta ce da ƙanjamau. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya. Wasu ma ƙwayar sha-ka-fashe suke haɗawa, wadda kumburi kawai take sawa, fuska ta yi suntum, tsokar kuma ta ƙara laushi. Ana yi wa rogo kallon kitse.

Duk don me? Don a matse cikin riga kamar ta ƙaninka, a ɗauki bidiyo a sa a TikTok. Wannan wayar ma ita ce rabin masifarmu. Mun ga yadda kodin ya cinye samarin garin nan kafin gwamnati ta hana shi a 2018, ga ƙwacen waya ya hana mutane fita bayan magariba, yanzu kuma wani ya gina damtse don a ɗauke shi haya ranar siyasa. Haba!

Ronnie Coleman da kuke liƙa hotonsa a bango, sau 8 ya ci gasar masu gina jiki ta Mista Olimpiya a Amurka, daga 1998 zuwa 2005. Ku nemi hotonsa na yanzu, bayan tiyatar baya da ta ƙugu da aka yi ta yi masa, da sanduna yake dogarawa. Shi da likitoci ke kewaye da shi ke nan, ina ga kai da abokinka ne malamin allurarka?

Ku dai ji tsoron Allah, ku yi haƙuri da wake da ƙwai da barci. Sannu ba ta hana zuwa.

Da can, ƙarfi a Kano ba a tallarsa. Ɗan dako a Dawanau ya saɓa buhun masara ya hau da shi mota, ya sauko ya gaishe ka a ladabce. Masu bugu a Ƙofar Mata su wuni suna ɗaga guduma a kan shadda, damatsansu kamar itace, babu mai tuɓe riga don a gani. Ɗan dambe ya yi kisa a fage, gobe ka same shi a mahauta yana fiɗa, kansa a sunkuye. Ƙarfinsu na ciyar da gida ne. Yaron nan na bayan katanga kuwa, na san mahaifiyarsa, ƙosai take soyawa a bakin titi, kuma na tabbata ba ta san inda kuɗin cinikinta ke tafiya ba.