Ba lalaci ba ne, ku ƙyale yaron nan

Wai yanzu kowa ya zama likitan ƙwaƙwalwa ke nan? Tun jiya ake yawo da hoton yaron nan mai ciwon sikizofireniya, wani nau'in taɓin hankali, da yayansa ya saka, wai an kashe kuɗi an yi magani, ya daina jin muryoyi, amma har yau sai an yi da gaske yake wanka, ya zama cima-zaune. Jama'a suka yi masa ca: mutuwar zuciya ce, a daina lallaɓa shi. Sannunku da ilimi.

Ba lalaci ba ne. Ciwon sikizofireniya bai tsaya a jin muryoyi da zargin ana bibiyarka ba. Akwai ɓangaren da ba ya hayaniya: ƙwazo ya mutu, fuska ta daina nuna komai, magana ta ragu, abin da ya karanta yanzu ya gudu daga kansa. Ƙwayoyin da ake bayarwa, tun daga chlorpromazine na 1952 har zuwa na yau, sun fi iya kashe muryoyin. Wannan ɓangaren kuwa da ƙyar suke taɓa shi. Wasunsu ma, irin olanzapine, barci da ƙiba suke ƙarawa. Mutum ya farka jiki kamar an ɗaure masa dutse, ya riƙe buroshi ya tsaya ya rasa ta ina zai fara, kai kuma kana can kana rubuta "rago".

Na san za ku ce wane ma yana da ciwon amma yana aiki. To, Allah ya ƙara masa lafiya. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 24 ke da ciwon, kuna so duk su zama wane?

Wallahi ranar da yaron nan ya tashi da kansa, ya wanke rigarsa, ya zauna aka yi hira da shi minti goma, ya yi aikin da ya fi na wasunmu wahala. A nan ake auna sauƙi. Ba lalaci ba ne.

Af, cikin masu ba da shawarar nan, wa ya tambaya ko ana auna masa suga da hawan jini? Masu wannan ciwo sun ninka sauran mutane biyu zuwa uku wajen mutuwa da wuri, kuma yawanci ciwon zuciya da makamantansa ne ke ɗauke su. Yayan da ke da datar saka hoto, ya kai shi a gwada mana.